Bel ɗin taimin ba ya sallama kafin ya tsinke: kira ga masu motoci a Legas

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi magana da 'yan'uwanmu masu motoci da direbobi mazauna Legas, daga Agege zuwa Mile 12, Idi-Araba, Obalende da Alaba Rago. Mu makanikai ne, kuma abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne batun bel ɗin taimin: yaushe ake canza shi, me ake canzawa tare da shi, wa zai iya yin aikin a gida, wa kuma ya wajaba ya kai gareji.

Kowane mai mota ya san fambel, domin da an ɗaga bonet ga shi nan a fili, in ya gaji kuma yana ta ƙara da safe. Bel ɗin taimin a ɓoye yake bayan murfi a gaban inji. Roba ce mai haƙora, da zare mai ƙarfi a cikinta, kuma ita ke haɗa karanshaf na ƙasa, mai ɗaga fistin, da kamshaf na sama, mai buɗe bawul ya rufe. Duk juyi biyu na karanshaf, kamshaf juyi ɗaya yake yi, babu ƙari babu ragi. A mafi yawan injuna, wurin da bawul ke sauka idan ya buɗe, nan fistin ke isowa idan ya hau. Abin da ke hana su haɗuwa shi ne kowa yana zuwa a lokacinsa. Da bel ya tsinke, kamshaf ya tsaya cak da wasu bawuloli a buɗe, karanshaf kuwa yana ci gaba da juyawa, fistin ya daki bawul ya lanƙwasa shi. Kafin direba ya gane me ya faru, an gama ɓarnar.

Abin da mutum zai ji shi ne motar ta mutu tana cikin tafiya, ba ƙara ba hayaƙi. In ya murɗa makulli, kik zai yi ta juyawa da sauri fiye da yadda aka saba, wayam, inji bai ko yi yunƙurin kamawa ba. Wanda ya ji haka, don Allah ya cire hannunsa daga makulli, kada kuma ya bari a tura motar a giya wai ko za ta tashi. Kowane juyi na iya ƙara lanƙwasa bawul ɗin da ya tsira. A nemi janwe. Idan aka buɗe murfi, sau da yawa ma ba a rabe biyu za a tarar da bel ɗin ba: yana nan a zagaye, sai dai haƙora kamar goma sun zube a daidai fulin karanshaf, wato faifan da bel ke zagayawa a kansa, ga su nan a kwance a gindin murfi cikin baƙin gari da maiƙo.

Kafin komai, mutum ya san ko motarsa bel gare ta ko sarƙa, domin ana karɓar kuɗin mutane a kan abin da babu shi, ana kuma barin wasu cikin haɗari da cewa tasu sarƙa ce. Camry mai silinda 4, injin 2.2, daga 1992 zuwa 2001, bel ne. Daga ta 2002 da ake ce wa Big Daddy, injin 2.4 sarƙa ne, amma V6 ɗinta bel ne. Injunan V6 na Toyota 3.0 da 3.3, waɗanda ke cikin Sienna har zuwa 2006, da tsohuwar Highlander, da Lexus RX300 da RX330, duk bel ne, injin 3.5 da ya gaje su sarƙa ne. Corolla ta Amurka ta koma sarƙa tun 1998. Honda Accord mai silinda 4 bel ne har zuwa ta 2002 da ake ce wa Baby Boy, daga ta 2003 da ake ce wa EOD sarƙa, amma V6 na Honda da ke cikin Accord, Odyssey, Pilot da Acura MDX bel ne. Civic bel ne har 2005. Peugeot 406 da Golf 3 mai silinda 4 bel ne. A garin nan da ake yawan sauke inji a ɗora wani, kada a dogara da shekarar mota kaɗai, a karanta lambar da ke jikin injin.

Injin Camry 2.2 na daga cikin 'yan kaɗan ɗin da fistin ba ya riskar bawul. In bel ya tsinke, mota za ta tsaya, a sa sabo a ci gaba. Wannan ne ya sa wasu suka ɗauka kowace mota haka take, har suna cewa a bari sai ya tsinke. Honda da Peugeot 406 ba su yin wannan afuwar, V6 na Toyota masu VVT-i, tsarin da ke sauya lokacin buɗe bawul, kuwa mu a matsayin waɗanda fistin ke karo da bawul muke ɗaukar su. A irin waɗannan, tsinkewar bel na nufin sauke kan inji, sabbin bawuloli, gasket, kai wa masu injin gyaran ƙarfe, wani lokaci har fistin. Kuɗin ya ninka na canza bel sau da yawa, ban da kwanakin da mota za ta yi a ajiye.

Kamfanoni sun faɗi lokacin canji. Toyota ta sa mil 90,000 ga waɗancan V6 ɗin, wato kusan kilomita 145,000. Honda ta sa mil 105,000 ko shekara 7, duk wanda ya riga zuwa, ta kuma ce a sauko zuwa mil 60,000 idan ana yawan tuƙi a zafin da ya haura digiri 43. Legas ba ta kai nan ba, amma motar da ke zirga-zirgar Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu ta shiga wannan sharaɗin. A lura kuma, tokunbo, wato motar hannu da aka shigo da ita, in ta Amurka ce da mil take ƙirga, mil ɗaya kuwa ya ɗan haura kilomita 1.6.

Mu dai ba mu yarda mai mota a Legas ya jira waɗannan alƙaluman ba, kuma muna da dalili. Mitar tafiya nisan da taya ta ci take ƙirgawa, ba juyin inji ba. Motar da ta yi awa guda a cunkoson Oshodi zuwa Apapa, ko a kan gadar Third Mainland da yamma, injinta na juyawa kamar sau 700 a minti ko tana tsaye, wato sau 42,000 a awar, cikin zafi, ga esi a kunne, mita kuwa da ƙyar ta ƙara kilomita 5. Sannan mitar tokunbo da yawa an mayar da ita baya kafin a sayar. Ga damina: motar da ta kutsa ruwan da ya kwanta a titi a watan Yuni ko Yuli, in murfin bel ɗinta a fashe yake ko an yar da shi, ruwa da yashi suna shiga su zauna a boris. Shawararmu ita ce shekara 5 ko kilomita 80,000 zuwa 100,000. Wanda ya sayi tokunbo babu takarda ko sitika da ke nuna ranar da aka canza, ya ɗauka ba a taɓa canzawa ba, ya yi shi tun kafin ya fara tunanin sabon fenti. Duba bel da ido yana da amfani idan an ga tsaga, ko gefe ya fara zare, ko bayansa ya yi sheƙi, ko ya jiƙe da mai. Amma kyan gani ba shaida ba ne, domin zaren ciki da gindin haƙora ne ke mutuwa, su kuwa ba a ganinsu.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sayen kaya. Mai mota ya ce a sa masa bel kawai, sauran ai lafiyarsu ƙalau. Sau da yawa ba bel ne ke fara mutuwa ba. Boris ɗin fulin rakiya, wanda bel ke bi ta kansa kawai, ne ke bushewa ya cije, ko tenshana, wato abin da ke ɗame bel, ta saki, ko famfon ruwa ya fara rawa, sai su tafi da sabon bel ɗin da aka sa wata shida da suka wuce. A Camry 2.2, da V6 na Toyota, da Honda, wannan bel ɗin ne ke juya famfon ruwa, kuma ba a kai wa famfon sai an cire bel. Wanda ya bar tsohon famfo zai biya ladan aiki sau biyu. Saboda haka a sayi saiti guda: bel, tenshana, fulin rakiya, famfon ruwa da gasket ɗinsa, sil (robar hana mai yoyo) na karanshaf da na kamshaf, fambel, da kulant, wato ruwan sanyaya inji. Baƙin mai maƙiyin wannan roba ne, yana kumbura ta har haƙora su saki, don haka sil mai tsiyaya ba abin ɗagawa gaba ba ne. A Camry 2.2 bel ɗin har famfon baƙin mai yake juyawa, kuma sil ɗin wurin da zobensa na roba sun saba yoyo. Accord mai silinda 4 ta kafin 2003 kuma bel biyu gare ta, akwai ƙarami na sandunan da ke rage girgizar inji. In shi ya tsinke yana iya faɗawa cikin babban, saboda haka tare ake canza su.

Sunayen da aka sani da inganci su ne Mitsuboshi, Gates, Bando, Continental da Dayco a bel, Aisin a famfon ruwa, Koyo, NSK, NTN da INA a boris. Sai dai suna a kwali ba ya wadatarwa. A Ladipo, kasuwar kayan mota, kamar kowace babbar kasuwa, akwai na kirki akwai jabu, kuma kwalin jabu yakan yi kyau. A saya wurin wanda zai ba da rasit, a riƙe lambar inji, a ajiye sabo kusa da tsoho a ƙirga haƙora, a gwada faɗi, a dubi siffar haƙorin ko mai zagaye ne ko mai kusurwa. In farashi ya yi araha fiye da kima, a bar shi. Inji tokunbo ana saya, giya tokunbo ana saya, amma bel ɗin taimin tokunbo bai halatta a ɗora wa mota ba ko kyauta ne, kuma injin tokunbo da aka sayo a canza masa bel tun yana ƙasa, lokacin da aikin ya fi sauƙi.

To, gida ko gareji? Ba wurin ne ke yin aikin ba, kayan aiki ne da natsuwa. Mai son yi da kansa ya tabbata yana da jak da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, saitin soket, doguwar sanda, abin riƙe fuli, abin zare fuli, sifana mai awon ƙarfin ɗauri, da littafin gyaran wannan injin takamaimai. Ya kuma samu daɓe mai lebur da yini guda cur, gara ma biyu. Wanda ya taɓa canza famfon ruwa ko altaneta zai iya gwada Camry 2.2, domin kamshaf ɗaya bel ke ja, kuma in ya kuskure maki, wato alamomin saita bel, injin ba zai fashe ba. V6 da aka ɗora a gicciye kuwa, mai fulin kamshaf biyu, ɗaya a matse can jikin bango ba a ganin makinsa sai da madubi, ba wurin koyo ba ne. Haka Peugeot 406, wadda ake kulle ta da fil na musamman a filawil da kamshaf. Haka duk injin dizal. Wanda kuma motar ce abincinsa, gobe da asuba zai fita da ita, ya kai wa gwani.

Ga yadda aikin ke tafiya, mai yi ya bi, mai kaiwa gareji kuma ya san abin da zai sa wa ido. A bar inji ya huce, a cire baƙar wayar batir, a cire fulogi domin inji ya juyu da hannu cikin sauƙi. A ɗaga mota a tokare, a cire tayar gefen bel da robar bayanta, a zubar da ruwan lagireto. A tallafi inji da jak ta ƙasa da katako a tsakani, kada ƙarfe ya lotsa tukunyar baƙin mai ya toshe hanyar shan mai, sannan a kwance injin sit, wato abin da ke riƙe inji da jikin mota, na wannan gefen. A cire fambel.

Babban notin karanshaf shi ne inda yawancin masu yi a gida ke maƙalewa. A V6 3.0 na Toyota ana ɗaure shi da ƙarfin Nm 215 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗauri), a Accord 2.3 da Nm 245, a Camry 2.2 da Nm 108, kuma bayan shekaru yakan nemi fiye da haka kafin ya saki. Honda tana da ƙarfenta mai kusurwa shida, milimita 50, da ke shiga cikin fuli ya riƙe shi. Akwai dabarar da ta yaɗu ta tokare sanda da ƙasa a taɓa kik. Ba mu son ta, kuma a tsofaffin Honda masu silinda 4 ba ta ma aiki, domin injinsu hagu yake juyawa, sai dai ta ƙara ɗaure notin ko ta karya wani abu. Soka sukundireba a haƙoran filawil yana ɓalle haƙori. Gasa notin da wutar gas yana ƙona robar da ke cikin fuli da sil ɗin bayansa. Fulin kuma da abin zarewa ake fitar da shi, ba da guduma ba.

Da an buɗe murfi, kafin a taɓa tsohon bel, a juya karanshaf ta hanyar da inji ke juyawa har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa, makin karanshaf da na kamshaf duk su zauna daidai da alamominsu. A ɗauki hoto da waya. A ɗiga farin fenti a haƙorin bel da na fuli a kowane wuri, daga baya a kwafe ɗigon a kan sabon bel ta hanyar ƙirga haƙora. Daga nan a saki tenshana a zare bel. Muddin babu bel, kada a juya karanshaf ko kamshaf. A canza sil, a kankare mazaunin famfo tas ba tare da an karce ƙarfen ba, a ɗaura sabo. Gam ɗin gasket, in littafi ya ce a sa, siriri ake shafawa. Wanda aka cika yakan ɓalle ya toshe lagireto. A wanke duk maiƙo, a bar wuri ya bushe.

Sabon bel ba a lanƙwasa shi, ba a murɗa shi, ba a ɗana shi da sukundireba, domin zaren ciki yana karyewa ba a gani. In yana da kibiya, ta dubi hanyar juyawa. A fara daga fulin karanshaf, a bi gefen da ke ja a miƙe tsaf, a bar duk sako-sakon ya taru a gefen tenshana. Tenshana mai mai a ciki, sabuwa takan zo da fil a soke, ba a zare shi sai komai ya zauna. In tsohuwar za a mayar, a matse ta a hankali ƙwarai, a tsaye, cikin mintuna. Wanda ya matse ta da ƙarfi lokaci guda ya lalata ta ko da ba ta nuna ba. Bel da ya yi tsauri yana kuka kamar jiniya yana cin boris ɗin famfo, wanda ya yi sako-sako yana dukan murfi, wata rana ya tsallake haƙori.

Yanzu sai matakin da ba mu yafe wa kowa: a juya karanshaf da hannu, juyi biyu cikakku, a sake duba maki. In an ji ya cije, a tsaya, kada a danna, bawul ne ke taɓa fistin. A sani cewa fararen layukan jikin bel ba za su dawo wurinsu ba bayan juyi biyu, kuma wannan ba laifi ba ne. Makin fuli da na jikin inji su ne abin dubawa. Kuskuren haƙori ɗaya ba ƙarami ba ne. A fulin kamshaf mai haƙora 40, haƙori guda digiri 9 ne, wato 18 a karanshaf. Mota za ta tashi, amma ba ƙarfi, tana shan mai, tana rawa a tsaye, fitilar cek a kunne, sai a bi fulogi da nozul ana ta canzawa a banza. In maki ya yi daidai, a mayar da murfi duka da kusoshinsa, a tabbata ɗan ƙarfen da ke kulle fuli da karanshaf yana raminsa, a ɗaure babban noti da awo. Noti da bai ɗauru ba yana sa fuli rawa har ya cinye bakin karanshaf. A zuba kulant, a fitar da iska, a bar inji ya yi zafi har fanka ta kama, a leƙa ƙasa ko akwai ɗigo.

Mai kai mota gareji yana da haƙƙin tambaya, kuma makaniken kirki ba ya jin haushin ta. Ka tambaye shi ko ya saba da wannan injin, da me zai riƙe fuli, ko yana da sifanar awo. Ka ga kayan a kwalinsu kafin a ɗaura, a kuma ba ka tsofaffin bayan an gama. Ku yi magana a kan ladan aiki da kuɗin kaya daban-daban tun farko. Kada ka tsaya a kansa kana ƙirga minti: mai silinda 4 yakan ci awa 3 zuwa 4 a hannun gwani, V6 yakan kai 5 ko 6, kuma aikin da aka fara da la'asar aka ƙarasa da tocilan shi ne ake barin kusoshi a ƙasa. 'Yan'uwanmu masu gareji kuma, yaro ya kwance taya da murfi, wannan koyo ne, amma saita maki da juyin hannu aikin oga ne da idonsa. Mu daina yar da murfin bel da sunan inji ya sha iska, mu daina ce wa mutum tsohon tenshana zai kai alhali mun ji boris ɗinsa yana ƙara.

Masu shirin tafiya gida da Sallah, Legas zuwa Kano kimanin kilomita 1,000 ne, kuma tsakanin Jebba, Mokwa da Tegina ba wurin neman saitin bel na V6 ba ne, ga iyali a mota. A yi aikin mako biyu kafin tafiya, ba daren tashi ba, domin in akwai yoyo ko ƙara ya bayyana a cikin gari inda za a iya komawa wurin wanda ya yi. In an gama, a rubuta kwanan wata, da abin da mita ke nunawa, da kayan da aka canza, a manna a murfin bel ko cikin bonet, a ajiye rasit tare da takardun mota. Masu Hiace da Hilux na dizal da ke da fitilar T-BELT a dashbod su tabbata an sake saita ta bayan canji, kada kuma a kashe ta ba tare da an canza bel ɗin ba.

Mun gode, Edita. Allah ya tsare mu a kan hanya, ya sa albarka a sana'ar kowa.

Wassalam.

Daga wasu makanikai,
Agege, Legas